MAN TUKUNYAR AKSIL: Jawabi Ga Masu A-kori-kura Mai Jan Taya Huɗu A Ƙasar Kazaure

 A wannan fitowa, ban da farashin hatsi da na dabbobi, mun ga ya kamata mu yi bayani a kan wani abu wanda ba a kasa shi a layin 'yan hatsi, amma yana iya cinye ribar kaka ɗungum. Wato man da ke cikin tukunyar aksil ta motar ɗaukar kaya.

Kowane mai mota ya san juyen baƙin mai na inji. Ko direba ya manta, yaron mota zai tuna masa, domin akwai sandar awo da ake zarowa kowace safiya. Amma man aksil ba shi da sandar awo, kuma a yawancin motocinmu babu wata fitila da za ta kama a gaban direba ta ce ya ƙare ko ya lalace. Yana can ƙarƙashin mota cikin ƙura da laka, sai wanda ya kwanta ya duba. Shi ya sa za ka ga mota ta shekara biyar hannun mutum, an yi wa inji juye ba adadi, amma ba a taɓa kwance notin aksil ba ko sau ɗaya. Ranar da abin zai nuna kansa kuwa, galibi ranar kasuwa ce, da lodi a baya, a tsakiyar daji.

MECE CE TUKUNYAR AKSIL?

Idan ka tsuguna a bayan a-kori-kura ka leƙa, za ka ga wani dogon ƙarfe ya haɗa tayoyin baya biyu, a tsakiyarsa akwai wani ƙullutu kamar tukunya. Ita muke nufi. Farfela ce ke kawo ƙarfin inji daga akwatin giya ta shigar da shi cikin wannan tukunya, ita kuma ta raba shi ga taya ta dama da ta hagu.

Aiki uku take yi. Na fari, tana karkatar da juyi, domin farfela tana juyawa ne a tsawon mota, tayoyi kuwa a gicciye suke. Na biyu, tana rage gudu ta ƙara ƙarfi. A ciki akwai ƙaramin giya a bakin farfela, da wani babba mai faɗi kamar faifai. Idan babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, to sai farfela ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan shi ne ma'anar lamba irin 4.1 ko 4.3 ko 4.88 da makanikai ke ambata idan ana cinikin aksil.

Aiki na uku shi ne ya fi ban sha'awa. Ku dubi shanun huɗa idan sun kai ƙarshen kunya za su juyo, na waje yakan yi taku da yawa, na ciki ya ɗan tsaya. Haka tayoyin mota suke a kwana. Tsakanin tayar dama da ta hagu akwai kamar mita ɗaya da rabi. Idan mota ta juya ta koma inda ta fito, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da kusan mita biyar. In da a ce an haɗe su da sanda guda, da dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa, taya ta cinye, ƙarfe ya murɗe. To a tsakiyar tukunyar akwai wasu ƙananan giyoyi da ke barin kowace taya ta yi gudunta, alhali duka biyun suna samun ƙarfi. Dabara ce tsohuwa, kusan shekara 200 ke nan da wani maƙerin agogo Bafaranshe mai suna Pecqueur ya yi mata rajista, tun ba a ƙera motar fetur ba.

ME YA SA BAƘIN MAI NA INJI BA YA YI?

Wasu sukan ce mai ai mai ne, in dai yana da santsi. A nan ba haka ba ne. A motocin yanzu ƙaramin giyan nan ba ya shiga daidai tsakiyar babban, ƙasa-ƙasa yake zama. Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara yaɗa wannan ƙira a motoci wajen 1926, sauran suka bi, domin tana sa haƙora su yi ƙarfi kuma ƙara ta ragu. Sai dai tana da sharaɗi. Haƙoran ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, suna kuma gogar juna kamar ana wasa wuƙa a dutse, ga nauyin lodi duka a kan ɗan wuri da bai kai faɗin farce ba. Mai na inji ba ya jure wannan matsi, sai ya tsere daga tsakanin haƙoran, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.

Saboda haka man aksil an haɗa shi da sinadari mai farar wuta a ciki. Idan wuri ya yi zafi, sinadarin yakan kwanta a fuskar haƙori ya zama kamar riga, ita ce ke cinyewa maimakon ƙarfen. Shi ya sa ko sabo ne za ka ji yana da wari mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, wannan ba aibi ba ne. Amma sinadarin yana ƙarewa da aiki. Man na iya zama cike a tukunya, ga kauri a hannu, alhali abin da ke tsare haƙoran ya tafi. Dalilin juye ke nan ko da babu yoyo.

WURI NAWA NE A MOTA MAI JAN TAYA HUƊU?

A zamanin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, a 1975, a-kori-kura 404 ita ce jakar 'yan kasuwa, tayoyin baya kaɗai ke ja, tukunya ɗaya ce. Toyota kuwa ta fara fitar da Hilux a 1968, ta kawo mai jan taya huɗu a 1979, kuma irin waɗannan su ne yanzu ake nema idan za a shiga ƙauye da damina. To mai irin wannan mota ya sani cewa ban da inji, wuri huɗu yake da su masu shan mai:

1. Tukunyar aksil ta baya.
2. Tukunyar aksil ta gaba.
3. Akwatin giya.
4. Ƙaramin akwatin da ke manne a bayan akwatin giya, wanda ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya idan an sa giyar taimako.

Kowanne da notinsa na zubawa da na juyewa, kuma ba lalle ne mai iri ɗaya suke sha ba. Idan ka ce wa makanike ya duba man giya, ya buɗe wuri ɗaya ya rufe, to saura uku. Ka ƙirga masa su da yatsa.

ABUBUWA HUƊU DA KE KASHE AKSIL A ƘASARMU

Na farko kuma babba shi ne ruwa. Duk wanda ke bin hanyoyin ƙauyukan Roni da Gwiwa a watan Agusta ya san yadda kwazazzabai ke cika bayan an ɗauke ruwa, haka masu bin fadamun kogin Gari, da na Tomas ta wajen Ɗambatta da Ɓaɓura. A saman aksil akwai ɗan bututu mai hula, nan ne tukunya ke numfashi. Mota ta yi tafiya da lodi, tukunya ta yi zafi, sai a faɗa cikin ruwa mai sanyi. Nan take iskar da ke ciki ta tsuke, tukunya ta zuƙi abin da ke waje, ko ta wannan bututu ko ta bakin robobin da ke tare mai, waɗanda ake kira sil. In ruwa ya rufe aksil, ruwa za ta zuƙa. Da mota ta ci gaba da tafiya sai giyoyi su dama ruwan da man, ya koma fari-fari kamar kunun gyaɗa. Irin wannan ba ya tsare haƙora, kuma idan mota ta kwana biyu a ajiye sai tsatsa ta kama boris. Ɓarnar ba ta bayyana a ranar. Bayan wata ɗaya ko biyu ne za a fara jin kuka, daidai lokacin da gero da riɗi suka shigo, mota ba ta da hutu. A shekara irin 2022, da ambaliya ta mamaye wurare da yawa a jihar Jigawa, duk motar da ta ratsa ruwa ta cancanci a buɗe ta a duba.

Na biyu laka da ƙura. Idan laka ta bushe a kan bututun numfashi ta toshe shi, zafi ya tashi, iska ba ta da mafita, sai ta tura mai ta bakin sil. In ta bakin farfela ya fito, za ka ga gindin tukunya ya jiƙe ƙura ta manne. In ta bakin taya ya fito kuwa, abin ya fi muni, domin man yana shiga cikin birki ya jiƙe shi, ka taka mota ta ƙi tsayawa ko ta fizge gefe guda. Wannan ya wuce maganar dukiya, ya zama maganar rai. Sau da yawa a canja sil ya sake yoyo, a zargi makanike, alhali ɗan bututun ne ba a wanke ba.

Na uku lodi. Irin waɗannan motoci an yi su ne don ɗaukar kamar tan ɗaya, wato buhu goma mai kilo 100, kuma direba da fasinja suna cikin lissafin. Kowa ya san abin da ake ɗora musu ranar Lahadi a hanyar Ɗambatta, ko ranar Alhamis in za a Maigatari. Ƙarin kowane buhu ƙarin matsi ne a kan haƙoran nan, ƙarin matsi kuwa ƙarin zafi ne. Ga zafin bazara da kan wuce digiri 40 a watan Afrilu, ga hawan duwatsun Kazaure da Roni. Zafi yana tsinka mai, ya ƙona shi, ya gajarta kwanansa.

Na huɗu hannun direba. Idan mota ta kafe a yashin Ɓaɓura ko a taɓo, taya ɗaya na wulwulawa ɗaya na tsaye, direba ya yi ta taka totur, to waɗancan ƙananan giyoyi na tsakiya ne ke gudun da ba a yi su dominsa ba, suna iya ƙonewa a kan sandarsu. Gara a sauka a haƙa, a sa itace ko a rage kaya. Haka kuma sa taya babba a gefe guda ƙarama a ɗaya gefen yana sa su aiki ba hutu ko a miƙaƙƙiyar hanya. Sa'an nan wanda ya fito daga yashi ya hau kwaltar Kano zuwa Daura ya tuna ya cire giyar taimako. Yawancin waɗannan motoci ba su da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, a kan ƙasa mai santsi taya takan ɗan zame ta huce, a kan kwalta kuwa babu zamewa, sai ƙarfe ya yi ta murɗuwa har wani abu ya karye.

YAUSHE ZA A YI JUYE?

Maganar farko ita ce ta littafin motarka. Littattafan motoci da yawa suna sa juyen man aksil a wajen kilomita 40,000 ga motar da ke aikin wahala, wato lodi da ƙura da hanya mara kyau, kuma duk motar kasuwa a nan cikin wannan aji take. Daga Kazaure zuwa Kano kamar kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160. Mai kai kaya Dawanau sau biyar a mako zai cika kilomita 40,000 cikin shekara guda. Idan agogon motarka ya mutu, kamar yadda na wasu da yawa ya mutu, to riƙe wannan: sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, kafin jigilar kaka ta kankama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ban da wannan, duk ranar da ruwa ya kai tsakiyar taya ko ya wuce, a buɗe a duba cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira shekara. Dubawa ba ta cin kuɗi. Haka kuma duk juyen baƙin mai na biyu, a ce wa makanike ya kwance notin sama ya sa yatsa. Idan ka sayi mota hannu na biyu, ka ɗauka ba a taɓa yi mata ba, ka juye duka wurare huɗun.

Akwai wata magana a kan aksil na gaba. Da rani wasu sukan yi wata huɗu ba su sa giyar taimako ba, suna ganin tattali ne. Littafin Toyota kuwa cewa ya yi a riƙa tafiya da taya huɗu aƙalla kilomita 16 a wata, wato mil 10, domin mai ya zagaya ya shafi giyoyin gaba. A yi hakan a hanyar burji ko ta yashi, ba a kwalta ba. Mai motar da ake kulle tayoyin gaba da hannu ya kulle su tukuna.

WANE MAI ZA A SAYA?

Abu biyu za ka duba a jikin galan. Na ɗaya aji, ka nemi inda aka rubuta API GL-5. Shi ne na tukunyar aksil. GL-4 sinadarinsa bai kai ba, an fi yin sa don akwatin giya. Shi ma akwatin giya kada a ɗura masa GL-5 sai littafi ya yarda, domin a cikinsa akwai zobba na tagulla waɗanda wani man GL-5 ba ya shiri da su, giya ta riƙa wuyar shiga.

Na biyu kauri. Za ka ga SAE 90, ko 80W-90, ko 85W-140, ko 75W-85. Tsofaffin motoci yawanci 90 ko 80W-90 suke sha. Sababbin Hilux na 2015 zuwa sama an rubuta musu mai tsinkakke irin 75W-85. Shi 85W-140 ya fi kauri, akan sa shi a motar da ke shan lodi a ƙasar zafi idan littafinta ya ba da dama. Kada a ce tun da kauri na da kyau bari a cusa giris, giris ba ya gudu ya kai wa boris, kuma ba ya kwashe zafi.

Wasu motocin tukunyarsu ta baya tana da faifan kulotci a ciki don kada taya ɗaya ta yi ta wulwulawa. Sau da yawa akwai takarda manne a jikin tukunyar da haruffa LSD. Irin wannan man da aka rubuta wa LS ko LSD take sha. In aka sa mata na gama-gari za ka ji tana karkarwa tana ƙara a kwana.

Yawan da ake bukata ya danganta da ƙirar mota. A Hilux, ta baya takan sha tsakanin lita biyu da uku da rabi, ta gaba lita ɗaya da rabi zuwa biyu da 'yan kai, ƙaramin akwatin raba ƙarfi lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin algus. Man kwalba da ake aunawa a bakin titi ba ka san asalinsa ba, yana iya zama tsohon mai aka tace, yana iya zama na inji aka kaɗa da wani abu ya yi kauri. Sayi galan rufaffe wanda ba a ɓalle hatiminsa ba, mai sunan kamfani da lambar aji a jiki, in na gida ne ka duba tambarin hukumar SON. A buɗe shi a gabanka. Araha ba ta ado.

YADDA AKE JUYEN

Ko ba kai za ka yi da hannunka ba, ya kamata ka san yadda ake yi don ka tsaya a kai. Kayan aiki su ne sifana mai lamba 24, wadda ita ce ke kama notin yawancin Toyota, da alanki mai lamba 10 don aksil na gaba a wasu ƙirar, da daro, da tsumma, da sababbin washa biyu ga kowace tukunya, da famfon hannu ko gora mai tiyo a baki.

1. A ɗan zagaya da mota kamar minti goma mai ya yi ɗumi, ya fi saurin zubowa da dattinsa. In daga doguwar tafiya ta dawo a bari ta huce, mai zafi yana ƙuna.

2. A tsayar da ita a wuri mai daidai, ba gangare ba, a ja birkin hannu, a sa wa tayoyi waigi. Bisa rami ya fi. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jek kaɗai ke riƙe da ita.

3. A goge laka da ƙura daga kewayen notin biyu, kada yashi ya faɗa ciki.

4. A fara kwance notin sama, na zubawa. Wannan ita ce ƙa'idar da ba a karyawa. In ka fara da na ƙasa, mai ya tsiyaye, sa'an nan na sama ya ƙi kwancewa, to ka tsayar da motarka da hannunka.

5. Kafin a juye, a sa yatsa a ramin sama. Ya kamata yatsa ya taɓo mai a bakin ramin ko ƙasa kaɗan. In bai taɓo komai ba, akwai yoyo, a nemo shi.

6. A tara daro, a kwance notin ƙasa, a bari ya tsiyaye sarai.

7. A dubi abin da ya fito. Ruwan zuma ko ruwan ƙasa, lafiya. Baƙi ƙirin mai ƙauri, ya sha zafi ya daɗe. Fari kamar kunu, ruwa ne. Mai ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, boris ko haƙori na cinyewa.

8. A dubi kan notin ƙasa, akwai mayen ƙarfe a jikinsa. Ɗan baƙin ƙulli mai laushi kamar kwalli ba komai ba ne. Amma in ka murza ka ji ɓarɓashi mai kaifi ko gutsuren haƙori, sabon mai ba zai warkar da wannan ba, sai an buɗe tukunya. Gara a buɗe ta a gareji da ta buɗe kanta a hanya.

9. A goge noti, a sa sabuwar washa, a ɗaure. Kada a hau sifana da ƙafa, kada a ƙara mata bututu, zaren ramin zai lalace. Mai sifana mai ma'auni, aksil na baya a Hilux da yawa 49 ne a awon niyutan-mita.

10. A ɗura sabon mai ta ramin sama har ya fara dawowa ta baki. Nan ne cikarsa. Kada a karkata mota don a ƙara cusawa, mai da ya yi yawa kumfa yake yi ya nemi hanyar fita.

11. A ɗaure notin sama da sabuwar washa, a goge wurin fes don a gane in ya yi yoyo.

12. A murza hular bututun numfashi da yatsa a ga tana motsi, in ta toshe a cire a wanke. Tun da ana ƙasa, a ba wa farfela giris.

Idan ruwa aka samu a ciki, juye ɗaya ba ya kwashe shi duka. A sa sabo, a yi tafiyar kwana biyu ko uku, a sake dubawa, in ya sake yin fari a sake juyewa. Masu yawan ratsa ruwa sukan sa makanike ya haɗa wa bututun numfashi dogon tiyo a ɗaure bakinsa can sama a jikin mota. Aiki ne ƙarami mai amfani.

Tsohon man kuwa a zuba shi a jarka a rufe. Kada a zubar kusa da rijiya ko a magudanar da ke gangarawa dam ko fadama, kada a shafa wa dabba a ciwo, kuma a wanke hannu da sabulu.

GA DILLALAI DA MASU SAYEN MOTA

Fenti da kujeru kowa na gani, amma tukunyar aksil ita ce ke faɗin irin rayuwar da mota ta yi. Kafin a sallama, a kai ta rami a kwance notin sama na duka wuraren. In mai mota ya hana, wannan ma amsa ce. A duba ko gindin tukunya ya jiƙe, a duba bayan tayoyi ta ciki ko akwai mai. A kama farfela da hannu a murɗa dama da hagu, wasa kaɗan dole ne, amma in tana kai da komo da ƙara, akwai cinyewa.

Sa'an nan a hau hanya, a kashe rediyo, a saurara. Kuka mai tsawo kamar busa, wanda ke tashi idan an taka totur ya lafa idan an ɗaga ƙafa, ko kuwa akasin haka, daga manyan giyoyin nan biyu ne ko boris ɗin ƙaramin. Gurnani mai ƙaruwa da gudu, ko an taka ko ba a taka ba, yawanci boris ne. Ƙara guda ɗaya lokacin tashi ko canja giya, wasa ne ya yi yawa a tukunya ko a gaɓar farfela. A sauka kan burji a sa giyar taimako a ga ta shiga ta fita. A kula kuma da tukunyar da aka cika da mai mai kauri fiye da kima ko aka gauraya da giris, akan yi haka don a danne kuka har a gama ciniki. Dillalin da ya gano aibi ya faɗa, a rage a kuɗi, shi ne mai saye zai sake nema.

In ta kai ga sayen wata tukunyar a Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohuwar, a ƙirga haƙoran babban giya da na ƙarami a gaban mai shago. Dole lissafin ta baya ya zo daidai da na ta gaba. In ka sa mai 4.3 a baya alhali ta gaba 4.88 ce, mota za ta yi tafiya lafiya lau da taya biyu, ranar da aka sa giyar taimako gaba da baya su shiga jayayya har ɗaya ta karye. Mutane da yawa ba sa gane wannan sai damina ta dawo, lokacin kuwa mai shago ya manta da fuskarsu.

LISSAFIN ƘARSHE

Tun daga 2023, da aka janye tallafin fetur kuma darajar naira ta faɗi, kayan gyaran da ake shigowa da su daga waje suka yi tsada, kowa ya ji a jikinsa. Ka je shago ka tambayi kuɗin lita shida ko bakwai na man giya, wanda zai ishi tukunya biyu da ƙaramin akwati a yawancin motoci. Sa'an nan ka tambayi kuɗin tukunya guda, ka haɗa da ladan makanike, da kuɗin janwe, da motar da za ka ɗauka shata ta kwashe kayan, da kasuwa biyu ko uku da za su wuce ka. In tumatir ne ko dabbobi a baya, ka haɗa da abin da rana za ta yi musu a bakin hanya. Kai ɗan kasuwa ne, ba sai an gaya maka wanne ya fi sauƙi ba.

Shi ma mai ɗaukar shata yana da bakin magana. Kafin ka ɗora wa mota dukiyarka zuwa Ɓaɓura ko bakin iyakar Nijar, ka tambayi direba yaushe rabon a duba man aksil, ka leƙa ƙasa ka ga ko tana ɗiga. Mai mota kuma ya sami ɗan littafi ya rubuta ranar juye da irin man da aka sa, ranar sayar da mota wannan littafi kuɗi ne.

Kunne ya ji, jiki ya tsira.